Ranar Da Na Ajiye Kunyar Ɗan Fari

Shekarun baya can, lokacin da sojoji suka tattara nasu ya nasu suka miƙa wa farar hula mulki, muna zaune a Makera cikin garin Kaduna, a wani gidan haya mai ɗakuna takwas da famfo ɗaya. Maigidana yana aiki a masaƙa a Kakuri. A lokacin masaƙun suna da ransu, in an tashi daga aiki kekuna ne za su cika titi har mai mota ya rasa ta inda zai bi. Ni kuwa yarinya ce ɗanya shakaf da aka kawo daga wani ƙauye a ƙasar Katsina. Ina da ɗa ɗaya, ina kuma da wani abu da nake taƙama da shi fiye da kwanukan jerena, wato kunya.

Ku 'yan yanzu da kuke ɗora hoton jariri a waya tun ba a yanke cibiya ba, ba lallai ku gane ba, don haka bari in yi muku bayani. A yadda aka tarbiyyantar da mu, ɗan fari ba naki ba ne a gaban mutane. Ba ki kiran sunansa, ba ki yi masa wasa, ba ki nuna kin damu da shi. In ya faɗi, wani ne zai ɗaga shi. In aka tambaye ki lafiyarsa, ki sunkuyar da kai kamar ba da ke ake ba. Kakata ce ta raine ni, ita kuwa a wannan fanni malama ce, to ni sai na zo na fi malamar. Ga shi kuma sunan mahaifin maigidana aka sa wa yaron, kun ga kunya ta zama biyu. Kowa a gidan Abba yake ce masa, ni ko Abban ba na iya faɗa. "Kai" nake ce masa. In zancensa ya kama dole, in ce "yaron nan".

Kuma fa ana yabona. Matan gidan su ce, "Wannan yarinya an yi mata tarbiyya, ɗanta zai yi kuka a gabanta ko gezau." Ni kuma in ji kaina ya kumbura. Allah Ya yafe mana.

Uwar mijina, da muke ce wa Inna, tana zaune tare da mu tun bayan rasuwar mijinta, ɗakinta na jikin namu. Mace ce mai kirki, ba ta taɓa ɗaga mini murya ba, sai dai ba ta da yawan magana. Tabarmarta, carbinta, da rediyonta da ba ya mutuwa daga safe har yamma. In yaron ba ya goye a bayana, to yana wajenta. Son da take masa ya sa ba ta barin ya nemi abu sau biyu. Ya kalli randa, ta ɗebo ruwa. Ya nuna kwano, ta buɗe. Kafin ya motsa baki buƙatarsa ta biya.

Ya cika shekara biyu bai ce komai ba. Ya ƙara rabin shekara, shiru. Abin da yake yi kawai ya nuna da yatsa ya ce "mm", in ba a gane ba ya kwanta a ƙasa ya yi ta birgima. Akwai wata yarinya a gidan da aka haife su wata ɗaya, ita har ta iya kai ƙarar yayyenta. Masu ba da baki suka yi ta ba mu. Wannan ta ce nauyin baki ne kawai, maza haka suke. Waccan ta ce a samo sauran ruwan da aku ya sha a ba shi. Maigidana, bawan Allah, sai da ya taka keke har Tudun Wada neman mai aku, ya dawo da ruwa a kwalba. Yaro ya shanye ya miƙo kwalbar, ya ce "mm".

A fuska ba abin da ya dame ni. A ciki kuwa tsoro ne yake cina. Da gefen ido nake binsa duk inda ya yi. In yaran gidan suna wasa suna surutu, shi yana tsaye a gefe yana kallon bakinsu, sai in ɗauki buta in shiga banɗaki in yi kukana in wanke fuska in fito. Kunya tana hana baki, amma ba ta taɓa hana ni jin ciwon ba.

Wata rana bayan Azahar ina tsintar shinkafa a ƙofar ɗaki, Inna ta kira maigidana. Ba ta rage murya ba, don ba ta ga abin ɓoyewa ba. Ta ce, "In Allah Ya kai mu bayan ƙaramar Sallah zan koma gida, kuma zan tafi da maigidan nawa." Haka take kiran yaron, irin wasan kaka da jika. Ta ce, "Dama ɗan fari na kaka ne, ya ma daɗe a hannunku. Akwai wanzami a can da ya iya yanke linzamin harshe. In an yanke, ya zauna cikin dangi, bakinsa zai buɗe."

Maigidana ya ce, "To, Inna."

Ni ban ɗaga kai ba. Me zan ce? Matar da ba ta iya kiran sunan ɗanta, ita ce za ta buɗe baki ta ce kada a tafi da shi? Na ci gaba da tsintar shinkafa ina zubar da mai kyau ina barin tsakuwa. Wata huɗu ya rage a yi Sallah. Na san in ya tafi ya tafi ke nan, sai dai in je in gan shi shekara-shekara, a matsayin baƙuwa, kuma aska na jiransa a ƙarƙashin harshe.

A ɗakin ƙarshe kusa da famfo akwai wata maƙwabciyarmu, 'yar kudancin Kaduna, nas ce a sashen yara na wani asibiti. Babbar mace ce, a shekaru ta haife ni. Kowa Sista yake ce mata. Ita kaɗai ce a gidan take kirana "Maman Abba", da gangan, don ta san ba zan amsa ba. Kullum sai ta kira, ni kuma in yi kamar kurma, ita kuma ta yi ta dariya.

Da safe muna layin ruwa, yaron na bayana, ta dube ni ta ce, "Maman Abba, na ji abin da aka yanke. Kin yarda?"

Na dube ta, na gyara goyona.

Ta ce, "To ba sai kin amsa ba, idonki ya amsa. Amma bari in tambaye ki. Yaro ya kusa shekara uku, kullum yana bayanki. Ya san ƙeyarki ya fi sanin fuskarki. Ta ina zai ga yadda ake motsa baki?"

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye muku ba. Na ce a zuciyata, ita wannan me ta sani game da al'adarmu? Na ɗauki bokitina ko cika bai yi ba na wuce. Amma maganar ta ƙi barina. Kwana biyu ina juya ta, a na uku na tura ƙofar ɗakinta da yaron a hannu.

Abin da ta fara yi shi ne ta samu maigidana da kanta, ta ce kafin kowa ya taɓa harshen yaron nan a kai shi asibiti a duba kunnensa. Ta ce yaro da yawa da ake cewa nauyin baki ne, ji ne ba sa yi sosai. Maigidana ya nemi izini a wajen aiki muka je. Aka duba kunne, lafiya lau. Aka duba harshe, babu wani linzami. Likitan ya ce wasu yaran haka suke zuwa, maganarsu na jinkiri, ba laifin kowa ba ne, amma ba a zama a jira. Ya ce babban aikin a gida yake, a hannun wanda yake yini da shi, kuma mu riƙa dawo da shi ana gani. Da muka dawo maigidana ya faɗa wa Inna. Ta saurara, ta ce, "Likita ya yi nasa. Bayan Sallah dai."

Sista ta ce in riƙa zuwa ɗakinta duk ranar da take hutu. To da wace hujja zan riƙa kwashe awa guda a ɗakin mutane? Sai na ce wa Inna saƙa nake koyo, irin ta hulunan jarirai. Har zare na saya da ƙwarashi, don ƙaryar ta zauna.

Ranar farko ba zan manta da ita ba. Sista ta rufe ƙofa, ta shimfiɗa tabarma, ta ce, "Zauna a ƙasa. Ba a kujera ba, a ƙasa, idonki daidai da nasa." Na zauna. Ta ajiye shi a gabana, ta ce, "To, yi masa magana."

Jama'a, wallahi da cewa aka yi in tashi in yi wa sabon gwamna jawabi da ya fi mini sauƙi. Ga ɗana a gabana, ɗan da na haifa, amma na rasa kalma ɗaya da zan ce masa. Da ƙyar na ce, "Ka... ka ci abinci?" Sai yaron ya dube ni, ya juya ya dubi bayansa, yana neman wanda nake yi wa magana. Sista ba ta yi dariya ba a ranar. Ni ma ban yi kuka ba sai da na koma ɗaki.

Ta ce, "Bar yi masa tambaya, ba jarrabawa ya zo ba. Dubi abin da yake yi, ki faɗa masa sunansa. Ya ɗauki cokali, ki ce cokali. Ya buga, ki ce buga. Ya jefar, ki ce ya faɗi. Kalma ɗaya, biyu, kada ki yi masa wa'azi." Haka muka fara. Ni ce mai ba da labarin duk abin da hannunsa ya taɓa, kamar mai sharhin ƙwallo a rediyo.

Abin da ya fi ba ni wuya shi ne jira. Sista ta ce, "Ku a ɗakinku kafin ya nema kun ba shi, to me zai sa ya wahalar da bakinsa?" Sai ta riƙe kofi biyu, ɗaya ruwa ɗaya kunu, ta ɗaga kusa da fuskarta, ta ce, "Ruwa? Kunu?" Sannan ta yi shiru tana kallonsa, tana jira. Da na gwada, sai na zarce, na riƙe kofin na ƙi bayarwa har yaro ya fashe da kuka. Ta ƙwace ta ba shi, ta ce, "Haba Maman Abba, an ce ki jira, ba a ce ki yi masa horo ba! Ki ɗan dakata kaɗan. In ya nuna, ki faɗi sunan abin, ki ba shi. Gobe ma haka. Duk sautin da ya yi, ko bai yi kama da komai ba, ki karɓa kamar ya yi magana."

Mako uku muna haka a ɓoye. Ya fara kallon fuskata. In na shigo ɗakin Sista sai ya ja hannuna ya zaunar da ni a tabarma. Amma da mun fito tsakar gida sai in koma yadda nake, in ɗaure fuska, in ce masa "kai". Yaron ya rikice. Ya kawo mini cokali a gaban mata yana jiran in ce cokali, ni kuma in kau da kai.

Sista ta gani. Ta kira ni ta ce, "An canza mini aiki, ba ni da hutun rana sai wani watan. Kuma ko da ina da shi, ni ba ni ce maganin ba. Awa ɗaya a ɗakina sau biyu a mako ba zai yi ba. Yaron nan a wajen wanka zai koya, a wajen cin tuwo, a bakin famfo. Ke ce kike tare da shi a duk wuraren nan."

Na ce, "Sista, a gaban Inna? Ai sai in mutu."

Ta ce, "Ba za ki mutu ba. Za a yi dariya, za a gaji. Ke dai zaɓi, ko a yi miki dariya yana nan, ko a yaba miki ya tafi."

Mai gidan hayarmu yana da agwagi da suke yini a kwatar da ke bayan famfo. Duk duniya ba abin da yaron nan yake so kamar su. Sista ta sha faɗa mini in bi abin da yake so, kada in ja shi zuwa abin da nake so. To washegari da hantsi, tsakar gida cike, masu wanki na yi, masu daka na yi, Inna na kan tabarmarta, sai yaron ya tafi bakin kwatar ya tsuguna. Na ajiye wanke-wanke. Na je na tsuguna kusa da shi. Na ce, "Agwagwa." Ya dube ni. Na ce, "Agwagwa tana cewa kwak, kwak."

Taɓarya ta tsaya. Na ji ta tsaya, don bayana na wajensu. Sai wata ta ce, "La ilaha illallahu, yau me za mu gani?" Wata ta ce, "Ashe kunyar ta aro ce!" Aka kwashe da dariya. Ku yi tunani, matar da ake kafa misali da ita a gidan, ga ta tsugune a bakin kwata tana kukan agwagwa. Na so ƙasa ta tsage. Amma na riga na tsuguna, tashi ma wani abin kunyar ne, sai na ƙara cewa, "Kwak, kwak."

Yaron ya yi dariya har da riƙe gwiwata. Bai ce komai ba a ranar. Da na waiwaya, Inna ta naɗe tabarmarta ta shige ɗaki.

Kwana da kwanaki ba ta ce mini uffan a kan zancen ba. Gaisuwa kawai. Sau ɗaya ne ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Wai ina hular da ake ta saƙawa?" Na ce, "Tana nan tafe, Inna." Ta ce, "Allah Ya kawo ta." Gara a zage ni da wannan shirun. Maigidana ma ya same ni ya ce, "Ki riƙa sassautawa a gaban Inna mana." Na ce masa, karo na farko da na taɓa mayar masa da magana, "In na sassauta, kai za ka yi?" Ranar Lahadi sai ga shi ya kifa kekensa a ƙofar ɗaki, ya zaunar da yaron, yana juya taya yana cewa, "Juya. Tsaya. Juya." Da murya ƙasa-ƙasa, yana waige-waige kamar ɓarawo.

Ni kuwa tunda abin kunyar ya riga ya faru, sai na saki jiki. Wajen wanka, "Ruwa. Sabulu. Hannu. Ɗaya hannun." Wajen tuwo, "Zafi. Hura. Ƙara?" Na daina goya shi in za mu niƙa, sai in riƙe hannunsa mu taka, tafiyar minti biyar ta koma ta rabin awa saboda kowace akuya sai mun tsaya mun gaishe ta. Na roƙi maigidana ya lallaɓi Inna a riƙa kashe rediyo lokacin cin abinci. Waƙar daka guda ɗaya na riƙa yi masa kullum, in na zo ƙarshen baiti in yi shiru in jira shi. Matan gidan suka yi dariyarsu har suka gaji, kamar yadda Sista ta faɗa.

Sai da aka fi wata guda sannan wata safiya, a bakin kwatar nan, ya nuna ya ce, "Kwa." Ba Umma ba, ba Baba ba. Duk wahalar da na sha, agwagwa ce ta fara samun gaisuwa. Na so in yi guɗa, amma na tuna an ce in karɓa kamar magana, sai na ce, "E, kwak! Agwagwa!" Hawaye na zuba ina kukan agwagwa. Bayan wannan sai suka riƙa zuwa ɗai-ɗai, a hankali ƙwarai. Wani makon a samu sabuwa, wani makon shiru har in fara karaya. Birgimar ta ragu, don yanzu yana da ɗan abin da zai nemi abu da shi.

Azumi ya zo ya wuce, aka yi Sallah. Kalmominsa ba su fi ka ƙirga da yatsun hannu biyu ba, yawancinsu ma ni kaɗai nake gane su. Na yi ta fatan Inna za ta ce ta fasa. Ba ta ce ba. Kwana uku bayan Sallah da safe ta ɗaure kayanta, ta aiko a ba ta kayan yaron. Da hannuna na ninke su na miƙa. Maigidana ya fita neman motar da za ta kai su tasha.

Na tsaya a ɗakina ina jin yaron a tsakar gida yana ce wa akuya "zo". Na san in ya je can za a so shi, za a ba shi duk abin da ya nuna, kuma ba mai tsugunawa ya jira shi. 'Yan kalmomin nan za su bushe. Ban san lokacin da na tsinci kaina a ɗakin Inna ba. Na durƙusa.

Na ce, "Inna, na san ba ni da bakin faɗar wannan magana. Ki yafe mini rashin kunya. Ki bar mini ɗana."

Ɗana. Ban taɓa faɗar kalmar ba sai ranar, kuma a gaban uwar mijina.

Ta dube ni. Sannan ta ce, "Tashi ki zauna." Na zauna. Ta ce, "Bango ɗaya ne tsakaninmu, duk abin da kike ce masa ina ji. Tun kina zuwa koyon saƙar ƙarya na sani." Ta ɗan yi murmushi, sai murmushin ya ɓace. Ta ce, "Kin ɗauka fushi na yi ranar da na shige ɗaki?"

Na ce, "E, Inna."

Ta ce, "Mijinki ba shi ne na fari ba. Akwai yarinya kafin shi. Shi ma bai sani ba, ba a zancenta. Ta kai kamar wannan, har ta fara surutu. Ƙyanda ta kama ta. Ranar da za ta tafi ɗaki cike yake da mata, tana kwance a cinyar uwar mijina, tana miƙo mini hannu. Ina zaune a bakin ƙofa. Ban matsa ba." Ta gyara carbinta. "An yi shekaru ana ba da labarin kunyata a garin."

Sai ta faɗi sunan yarinyar. Sau biyu, a hankali, kamar mai gwada ko bakinta zai iya. Ta ce, "Yau ne na fara kiransa."

Ban san abin da ake cewa a irin wannan wuri ba, har yau ban sani ba. Da muka ji ƙarar mota a waje, ta jawo ƙullin kayanta ta kwance, ta zaro rigunan yaron ɗaya bayan ɗaya ta ɗora mini a cinya. Ta ce, "Je ki ci gaba da kukan agwagwarki."

Ita kaɗai ta tafi. Wata biyu ta yi ta dawo, ta ce ƙauyen ya yi mata shiru. Ba ta taɓa iya jiran nan ba, har ta koma ga Allah in yaron ya kalli randa sai ta ɗebo, amma ta koyi cewa "ruwa" kafin ta miƙa.

Kada in yi muku ƙarya in ce daga nan bakinsa ya buɗe kamar famfo. Bai haɗa kalma biyu ba sai da ya wuce shekara uku, kuma har ya shiga firamare yana bayan sa'o'insa a magana. Mun yi ta komawa asibiti, mun yi ta aikinmu a gida. A hankali ya kamo su. Sista daga baya ta koma unguwar Romi, muka ci gaba da ziyartar juna har ta yi ritaya ta tafi garinsu. Shi kuwa yau magidanci ne, yana gyaran injuna a wata masana'anta a Kudenda. Har yanzu ba mai yawan magana ba ne, amma abin da yake son faɗa yana faɗarsa tsaf, wani lokacin ma fiye da yadda nake so.

Ban rubuta wannan don in zagi kunya ba. Kunya ado ce, kuma waɗanda suka koya mana ita ba mugaye ba ne, su ma haka suka taras. Ba kuma na ce ita ta jawo masa jinkirin ba, likita ya ce ba laifin kowa. Abin da na sani shi ne yaron yana buƙatar baki da fuska a kusa da shi, ni kuma ina da su na ɓoye. In kina da yaron da sa'o'insa suka fara magana shi bai fara ba, kada ki zauna jiran "maza haka suke". A duba kunnensa, a ji ta bakin masu sani. Sannan ki sauke shi daga baya, ki zauna a ƙasa, ki faɗa masa sunan abin da ke hannunsa, ki jira shi. Ba sai kin yi boko ba, ni ma ban yi nisa ba.

Kwanakin baya ya zo gaishe ni, muna hira, ya ce, "Umma, wai da me na fara magana?" Na lissafa masa su a jere, ta farko, ta biyu, har wajen ta talatin, da inda ya faɗi kowace da abin da yake riƙe da shi. Ya yi ta dariya yana mamakin yadda na riƙe. Sai ya ce, "To da ina jariri fa, da wa na yi kama?"

Na ce masa da kakansa, don haka na ji ana faɗa. Gaskiyar ita ce ban sani ba. Kusan shekara biyu na shayar da shi, kuma duk lokacin da yake kan cinyata yana kallona, ni bango nake kallo.